Lambun Haɗaka a Tsakiyar Bazara: Tambayoyinku da Amsoshinsu

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk daga masu lambun haɗaka suka fito, wato inda jama'a suka raba fili ɗaya, kowa da fangalinsa, amma rijiya ɗaya, inji ɗaya, shinge ɗaya. Da yake Afrilu ya kama, sanyi ya tafi, ruwan ƙasa kuma ya ja baya, ba abin mamaki ba ne ƙorafi ya yi yawa. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da dama.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu talatin ne a ƙungiyarmu, kowa na da kusan murabba'in mita 100. Rijiyar burtsatse ɗaya muke da ita a fadama, da injin fetur mai inci biyu. Tun shigowar zafi kullum sai an yi cacar baki kan ruwa: na kusa da inji sun ƙoshi, na can ƙarshe shukarsu na yaushi. Injin kuma yakan yi kamar minti ashirin sai ya fara shaƙar iska. Ya za mu yi?
Sakataren wata ƙungiyar masu lambu, Wudil

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kafin a zauna sulhu a fara auna ruwan, don galibin irin wannan rigima ana yinta ne a kan ruwan da ba wanda ya san yawansa. A kawo duro mai lita 200, a saka bakin tiyo a ciki, a duba agogo. Mu ƙaddara ya cika a minti ɗaya da rabi. Ke nan injinku na ba da lita 8,000 a awa.

A irin zafin Afrilu na ƙasar Kano, kayan lambu da suka rufe ƙasa suna shan lita 7 zuwa 8 a kowane murabba'in mita a yini. Filinku murabba'in mita 3,000 ne, don haka shuka na neman kusan lita 24,000 kullum. Hanyar ruwa ta ƙasa kuwa tana cin nata kaso kafin ruwa ya isa fangali. Idan rubu'i ya salwanta a hanya, sai an jawo lita 32,000, wato aikin awa huɗu. Sai ku kasa lambun gida uku, mutum goma-goma, kowane rukuni ya sha sau ɗaya a kwana uku, kowane mutum minti 24. A rubuta a jikin allo a rataye kusa da inji. Idan ƙasarku jigawa ce mai rairayi ba za ta riƙe ruwan kwana uku ba, sai a koma kwana biyu, kowa minti 16. Masu alayyafo da masu sabon dashe su ajiye duro su riƙa ƙarawa da bokiti a ranakun da ba nasu ba.

Abin da ke cutar na ƙarshe shi ne kullum daga gindin inji ake farawa. Kafin ruwa ya jiƙa busasshiyar hanya ya isa gare su, rabin lokacinsu ya tafi, rana ta take, rijiyar ma ta gaji. A riƙa juyawa: wannan zagaye daga sama, na gaba daga ƙarshe. Kada a fara ƙirga wa mutum minti sai ruwa ya shiga fangalinsa. In da hali a sayi tiyon leda mai naɗewa ya maye gurbin babbar hanyar ruwa. In babu, a yi gayya a share ciyawar cikinta, a toshe ramukan ɓera da na gafiya, a daddage bakin ta da laka.

Shaƙar iska kuma alama ce ruwan rijiyar ya sauka ƙasa da inda injin ke iya zuƙowa. Irin wannan inji ba ya jawo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, komai sabuntarsa. Ku raba awa huɗun biyu, da asuba da kuma bayan la'asar, ku rage wuta don rijiyar ta samu ta riƙa tarawa. Ku duba mahaɗar tiyon zuƙa, domin ƴar ƙaramar kafa ta isa ta sa ruwa ya yanke. A naɗe ta da robar tayar keke. Idan duk da haka bai daina ba, a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a gindin bututun a saukar da injin ciki. A nan akwai kashedi: hayaƙin inji na taruwa a rami, yana kisa, kada kowa ya zauna ciki injin na aiki. Da zarar ruwa ya yanke kuma a kashe shi, don in ya yi ta juyawa a bushe robar da ke hana famfon yoyo ce za ta ƙone. Baƙin mai kuwa, a wannan ƙura, a canza shi bayan aikin awa 50, wato kusan duk mako biyu a lissafinku, a wanke soson iska duk mako. A damƙa wannan a hannun mutum ɗaya. Injin da aka bar wa kowa, ba mai duba masa mai.

Tambaya: Salam. Tumatirina ya yi kore shar, yana fure sosai, amma furen zubewa yake yi. Ƴan waɗanda suka kama kuma gindinsu na yin baƙi. Maƙwabcina ya ce in ƙara yuriya.
Wata mai lambu, Kura

Amsa: Hajiya, kada ki ƙara. Yuriya za ta ƙara miki ganye ne kawai, ta kuma tsananta baƙin gindin. Zubar fure aikin zafi ne. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai sauka ƙasa da 24 ba, ƙurar furen tumatir na lalacewa, furen ya bushe daga wuya ya faɗi ba tare da ya ɗaura ɗa ba. Dalilin ke nan da kasuwar Kwanar Gafan ta jihar Kano ke cika da tumatir daga Janairu zuwa Maris, sannan ya yi tsada da zarar bazara ta kankama. Babu maganin feshi da zai gyara wannan, ko da mai shago ya rantse miki.

Baƙin gindi kuwa ba cuta ce mai yaɗuwa ba. Sinadarin kalsiyam ne bai isa ƙarshen ɗan ba, kuma yawanci ba don babu shi a ƙasa ba, sai don ruwan da ke ɗauke da shi na zuwa yana yankewa: yau ƙasa ta bushe ƙamas, jibi a cika ta taf. Wannan dai shi ke sa nunanne tsagewa. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar ƴaƴa ko ɓawon gyaɗa mai kaurin yatsa huɗu a fangalin, ki bar ɗan sarari a gindin shuka saboda gara. Ki tsinke waɗanda suka riga suka yi baƙi. Don sanin ko ƙasa na son ruwa, ki tona zurfin taƙi ɗaya ki damƙi ƙasar: in ta dunƙule ta tsaya, da sauran danshi, in ta wargaje, lokaci ya yi.

Ra'ayinmu dai, tumatirin da bai ɗaura ƴaƴa ba har tsakiyar Afrilu bai cancanci fetur ɗin da ake ƙonawa a kansa ba. Ki tuge shi ki sa kuɓewa, alayyafo ko rama, waɗanda zafi bai dame su ba. Baɗi ki yi renon iri a watan Oktoba, furen ya faɗo cikin hunturu.

Tambaya: Latas ɗinmu ya miƙe sama yana fitar da kara, ganyen ya yi ɗaci. Akwai dabara?
Wani ɗalibi mai kula da lambun makaranta, Zariya

Amsa: Babu, ɗan samari. Zafi ne ya sa shi neman yin iri, kuma in ya fara ba ya komawa. Ku cire ku ba awaki, ku bar guda biyar masu kyau waɗanda suka fi jinkirin miƙewa su yi muku irin baɗi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Sharon, ƙwaron nan na tumatir, ya shigo mana. Na yi feshi sau uku cikin kwana goma da magani ɗaya, kamar ma ƙara masa ƙarfi nake yi. Ga kuma fangalin wani ɗan ƙungiya da ya tafi ci-rani ya bar tsohon tumatirinsa a tsaye. Shin daga can yake fitowa?
Wani manomi, Ɗanja

Amsa: Wa alaikumus salam. Zarginka na kan hanya, Malam. Wannan ƙwaro, wanda masana ke kira Tuta absoluta, asalinsa daga Kudancin Amurka ne. Ya ɓulla a Sifen a 2006, ya bazu zuwa Afirka, kuma shi ne ya yi wa tumatirin Arewa kaca-kaca a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Uwar ƙwaron ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai ruwan toka, tsawonta kamar ƙwayar shinkafa, tana ɓuya da rana ta fito da magariba. Guda ɗaya na iya saka ƙwai sama da 200, kuma a zafi irin na yanzu daga ƙwai zuwa sabuwar uwa bai kai wata guda ba. Tsohon tumatirin da ba a taɓawa wurin ƙyanƙyasa ne kawai. Ko ka kashe na fangalinka yau, gobe da daddare wasu sun ƙetaro.

Da farko a tabbatar shi ne. Ka tsinko ganye ka ɗaga shi saitin rana. Idan ka ga faffaɗan tabo fari wanda haske ke ratsawa, da baƙin kashi tare a gefe guda, da ƴar tsutsa mai ruwan ɗorawa ko kore-kore kwance tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa, to shi ne. Idan kuwa siririn zane ne mai lanƙwashe-lanƙwashe, wannan wani ƙuda ne daban, ɓarnarsa ba ta kai ta sharon ba. Zaman tsutsar a cikin ganye shi ya sa maganin da ke kashewa ta hanyar taɓa jiki ba ya samunta, kuma ta daɗe da sabawa da irin su cypermethrin da aka fi samu a kasuwannin ƙauye.

Aikin na ƙungiya ne gaba ɗaya, a rana ɗaya. A nemi mai fangalin a waya a sanar da shi, sannan a tuge tsohon tumatirin a ƙone, ko a binne a rami mai zurfin rabin mita. Tarawa a bakin shinge daidai yake da barinsa a tsaye. A cire gautan kaji da ya fito a hanyoyin ruwa, don shi ma yana ɗaukar ƙwaron, a kuma duba yalo da gauta. Kowa ya bi nasa ya tsinke ganye da ƴaƴan da suka kamu, ya zuba a leda ya ɗaure ya bar ta a rana. A kaftu ƙasar fangalin da aka share, saboda da yawansu a cikin ƙasa suke rikiɗa. Da daddare a ajiye faranti mai faɗi da ruwa da ɗan garin sabulu, a ɗora fitila mai caji a kan dutse a tsakiya. Da safe za ku ga iyayen sun faɗa, yawansu kuma zai nuna muku ko kuna cin nasara.

Idan za a yi feshi, kada a duba sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe. A duba sunan sinadarin a ƙasan takardar kwalba. Waɗanda ke aiki a kansa sun haɗa da emamectin benzoate, spinosad da chlorantraniliprole. A yi amfani da ɗaya na tsawon wata, sannan a koma wani, don kwalba biyu masu suna daban na iya zama abu ɗaya a ciki, kuma maimaita abu ɗaya shi ke sa ƙwaron ya saba. A bi ma'aunin da ke jikin kwalba, ba a ninkawa. A fesa da yamma, a juya bakin feshin ya samu ƙarƙashin ganye. Tsakanin feshi da feshi, ruwan darbejiya na taimakawa wajen hana ƙananan tsutsa ci: a daka busassun ƴaƴa rabin kilo bayan an ɓare, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa a ranar. Ba ya kashewa nan take, kada a ce bai yi ba.

Wani abin da ake mantawa a lambun haɗaka: iska na kai feshinka kan alayyafon maƙwabci wanda gobe za a yanka a kai kasuwa. Kowace kwalba na ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin a ci. Ku tsayar da ranar feshi ɗaya, kowa ya tsinke abin da ya nuna kafin ranar, wanda ya fesa kuma ya kafa sanda da jan ƙyalle a fangalinsa har kwanakin su cika.

Tambaya: Barka da aiki. Mu mata ne masu garkar albasa, irin ta Galmi muke shukawa. Bara mun zuba a rudu, wato rumbun ajiye albasa, kafin damina ta raba kusan rabi ya ruɓe. Bana muna son ajiyewa har kuɗinta ya tashi. Ina kuskuren yake?
Shugabar wata ƙungiyar mata, kusa da Madawa, Nijar

Amsa: Barka kadai, Hajiya Shugaba. Irin da kuke da shi na cikin masu jure ajiya, don haka laifin ba nasa ba ne. Ruɓar da ake gani a rudu yawanci tun daga fangali take farawa, ta hanya uku: yuriya a ƙarshen lokaci, ruwa har ranar cira, da yanke lawashi tun wuya na ɗanye.

Da zarar albasa ta fara ɗaura kai a daina ba ta yuriya. Wadda ta ci taki a makare tana yin ƙaton kai mai kaurin wuya, ga kyau a ido, amma wuyan ba ya rufewa, nan ruɓa ke shiga. Idan rabin lawashin fangali ya kwanta da kansa, a yanke ruwa a jira kwana 10 zuwa 14. Da kansa muka ce, don masu bi suna tattake shi da ƙafa wai ta yi saurin ƙosawa rauni kawai suke yi mata. A garkar haɗaka sai an lura da maƙwabciya: idan ita tana ban ruwa, danshi na ratsa kunya ya shigo naki. A toshe bakin fangalin da laka, a bar fangali ɗaya busasshe a tsakani in zai yiwu. Baɗi ku haɗa masu albasa a ɓangare ɗaya, ku yi dashe a mako ɗaya, wannan matsalar ta kau.

A cire da sassafe, a jera layi-layi yadda lawashin wannan zai rufe kan waccan, don ranar bazara na dafa albasar da aka bari tsirara, ɓangaren da ya ƙone kuma shi ke fara laushi. Bayan kwana uku zuwa biyar a kwashe zuwa inuwa mai iska ta yi mako biyu. Alamar ta shirya: ki murza wuyan tsakanin yatsu biyu ki ji shi a bushe, ba santsi, ɓawon waje kuma na ƙara. Sannan a yanke lawashi a bar tsawon yatsa biyu. Mai kaurin wuya, mai rauni, da tagwaye, duk a ware a sayar ko a ci yanzu.

Rudun kansa a ɗaga shimfiɗarsa kamar rabin mita daga ƙasa, iska ta riƙa shiga ta ƙasa ta fita ta sama, jinka kuma a tabbatar ba ta yoyo kafin ruwan farko. Kada tulin ya wuce tsawon kamu ɗaya. Duk mako biyu a juya, a fitar da mai laushi, mai tsiro, da wadda baƙin gari ya kama ƙarƙashin ɓawonta. Idan rudu ɗaya kuke zubawa ku duka, a sa mata biyu su tantance ta kowa kafin ta shiga, har da ta shugaba.

Tambaya: Muna da fangali ashirin na asusun ƙungiya, mun sa kuɓewa da alayyafo. Kasuwa sau ɗaya muke zuwa a mako, amma dillalai na raina kuɓewar wai ta tsufa. Wajen rabon kuɗi ma ba a rasa gunaguni.
Ma'ajin wata ƙungiyar matasa, Gwaranyo

Amsa: Dillalan sun yi gaskiya, ƙanena. A wannan zafi ɗan kuɓewa na kai girman tsinka kwana huɗu zuwa shida bayan fure, don haka mai jiran mako ya makara. A tsinka duk bayan kwana biyu, tana da tsawon santimita 6 zuwa 8. Ka lanƙwasa tsinin: in ya karye ƙas, ɗanya ce, in ya tanƙware, ta wuce. Barin tsofaffi a jiki kuma na sa uwar ta rage fure. Ta farkon mako da ba za ta kai ranar kasuwa ba a yanka a shanya a kan tabarma bisa gado, busasshiyar kuɓewa ba ta rasa masu saye. A yi tsinka da safe bayan raɓa ta ɗauke, a kai inuwa nan da nan, kada a cusa a buhun leda.

Alayyafo kuwa ku daina tugewa. A yanka a bar tsawon taƙi ɗaya daga ƙasa, a watsa ruɓaɓɓen kashin kaji kaɗan, a ba da ruwa, cikin mako biyu ya sake tohowa, har sau uku ko huɗu kafin ya yi fure. Ɗanyen kashin kaji na ƙona saiwa, ba ya kuma dacewa da ganyen da za a ci kwanan nan.

Batun kuɗi, a riƙa aunawa da kwando ɗaya sananne a gaban mutum uku, a rubuta a bakin lambu kafin kaya su hau babur. A fara cire na fetur da baƙin mai, a ware kashi ɗaya cikin goma don gyaran inji da irin baɗi, saura a raba bisa ranakun aikin da kowa ya yi kamar yadda suke a littafi. Kuɗin fetur na fangalin kowa kuwa a karɓa bisa girman fili, mai fangali goma ba zai biya daidai da mai uku ba.

Tambaya: Da na tuge tsohuwar kuɓewa na ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu. Mene ne wannan, kuma me zan yi kafin damina?
Wani dattijo, Haɗejiya

Amsa: Baba, wasu ƙananan tsutsotsi ne na cikin ƙasa da ido ba ya gani, suna shiga saiwa su kumbura ta, shuka ta riƙa yaushi da rana ko da akwai danshi. Sun fi yawa a ƙasa mai rairayi da aka daɗe ana maimaita tumatir, kuɓewa da yalo. Zafin nan da ya dami kowa shi ne maganinsu. A tuge saiwar duka a ƙone, a kaftu fangalin, a jiƙa shi sosai, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a binne gefunanta da ƙasa kada iska ta shiga, a bar ta mako huɗu zuwa shida. Baƙar leda ba ta kai farar zafafa ƙasa ba. Bayan nan a zuba ruɓaɓɓen taki, a sa masara da damina, albasa da rani, kada kuɓewa ko tumatir su dawo wurin sai bayan shekara biyu. A wanke fartanya kafin a shiga da ita fangalin wani, kuma kada ruwan da ya bi ta wannan fangali ya zarce na gaba.